Tabawa, Fingi da 'Ya'yan Zabi

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Iya, mun kasa kunne."

Wata mata ce a wani ɗan ƙauye na bakin daji, sunanta Tabawa. Mijinta Jatau manomi ne, mutum mai ƙoƙari, sai dai ba shi da haƙurin jira. Ita kuwa Tabawa duk ƙauyen an san ta da kiwon kaji. In ta fito tsakar gida da ƙwaryar dusa, ba ka ganin ƙafafunta don yawan kaji.

Sai wata shekara da bazara ciwo ya faɗa wa kajin garin. Yau a kwashe biyar, gobe a kwashe goma. Kafin ruwan farko ya sauka, akurkin Tabawa ya zama wayam. Kaza ɗaya tak ta rage, wata tsohuwa mai murɗaɗɗen gashi, irin wadda ake ce wa fingi. Da sunan nan ma ake kiranta, Fingi. Ta daɗe da daina ƙwai. Ba ta da aiki sai tono a gindin danga da kwanciya a inuwar rumbu.

Damina ta kama, aka yi shuka, hatsin rumbu kuwa ya yi ƙasa. Sau ɗaya ake tuƙa tuwo a rana. Sai Jatau ya dubi Fingi, ya ce kazar da ba ta ƙwai ba ta da dalilin cin dusa, gara a yanka ta a sha romo. Tabawa ta roƙe shi ya dakata tukuna. Ya ce ya dakata, amma ba na dogon lokaci ba.

Ran nan Tabawa ta tafi bayan gari tsinkar tafasa. Tana cikin tsinka, sai ta ga gashin zabuwa a warwatse cikin ciyawa, ga sawun muzuru a danshin ƙasa. Sai ta bi gashin nan har gindin wata sabara. Sai ga gurbi, da ƙwai goma sha uku a ciki. Uwar ta fara kwanci ke nan muzuru ya kama ta. Tabawa ta tsaya ta daɗe tana kallon ƙwan nan. Sannan ta shimfiɗa tafasa a ƙwarya, ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ta rufe da wata tafasar. Ta ɗora a ka, ta taho gida tana takawa a hankali.

Jatau da ya gani sai fuskarsa ta washe. Ya ce ta hura wuta a dafa. Tabawa ta ce ita so take ta sa wa Fingi ta kwanta a kansu. Sai ya yi dariya. Ya ce tun yana yaro yake ganin masu gwada renon 'ya'yan zabi, bai taɓa ganin wanda ya kai su ga girma ba. Yau ka gan su suna gudu, gobe ka tarar da su a miƙe.

Tabawa ta ce, "Malam, in mun dafa, yau za mu ci, gobe mu koma ga tafasarmu. Ka ba ni wata ɗaya."

Jatau ya ce, "Na ba ki. Amma in ba su ƙyanƙyashe ba, kin hana mu ƙwai, to, ba za ki hana mu kazar ba."

Sai Tabawa ta share akurki, ta zuba yashi mai laushi, ta jera ƙwan. Ta kirawo Fingi. Fingi ta zo ta kewaya su, ta taɓa ɗaya da baki, ta taɓa wani. Ta ce, "Uwar ɗakina, waɗannan ba ƙwan kaza ba ne. Ɓawonsu da tauri, kansu da tsini."

Tabawa ta ce ta sani. Ta gaya mata inda ta samo su, da gashin uwarsu da ta gani a ciyawa.

Fingi ta ce, "Na tsufa, ƙirjina ba shi da ɗumin da. Amma zan kwanta. Kuma ba don wuƙar maigida ba, na ji abin da ya ce. Don ƙwan nan sun fara yin sanyi ne."

Sai ta hau, ta gyara su da baki, ta baza fikafikai, ta kwanta.

To, kun san ƙwan kaza kwana ashirin da ɗaya yake yi ya fashe. Ranar ashirin da ɗaya Jatau ya leƙa akurki, ya ce yaya? Tabawa ta ce tukuna. Ya ce bara-gurbi ne, sun lalace, a fitar da su. Tabawa ta ce watan da ya ba ta bai cika ba. Ya tafi gona.

Ranar ashirin da huɗu ya sake leƙawa, ya ce yaya? Tabawa ta ce tukuna. A lokacin Fingi ta rame, ƙashin ƙirjinta ya fito, tukkunta ya yi fari. Sau ɗaya take sauka a rana, ta sha ruwa, ta koma da gudu. Tabawa takan rage loma biyu daga tuwonta, ta marmasa, ta ajiye mata a bakin gurbi. Ita kanta Tabawa ta fara shakka. Ta tambayi Fingi ko ta gaji. Fingi ta ce ta gaji, amma akwai motsi a ƙarƙashinta, ba za ta tashi ba.

Ranar ashirin da bakwai Jatau ya zo da wuƙa a hannu, yana wasa ta a dutse. Ya ce yaya? Tabawa ba ta ce masa tukuna ba. Sai ta sa hannu ƙarƙashin Fingi, ta ɗauko ƙwai ɗaya, ta kara masa a kunne. Jatau ya ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki, ƙas, ƙas, ƙas. Ya mayar da wuƙarsa kube, ya ɗauki fartanya ya fita.

Washegari da hantsi goma sha ɗaya suka fito, biyu suka ƙi. 'Yan mitsi-mitsi, ƙafafu ja, kawuna da zane-zane kamar an ja musu layi da tsinke. Jikinsu na bushewa suka fara gudu. Tabawa ta zauna a ƙasa tana kallonsu, tana dariya ita kaɗai. Ba ta san aikin yanzu ya fara ba.

Abu na farko, abinci. Tabawa ta ɓarza gero, ta yi tsaki, ta watsa musu. Fingi ta tsattsaga, ta kira su, ta ɗaga tsakin ta saki, ta ɗaga ta saki, yadda ake koya wa 'yan tsaki. Sai 'ya'yan zabi suka tsaya suna kallonta. Tabawa ta koma ta niƙa ya ƙara laushi. Suka ɗan taɓa, suka bari. Ta jiƙa da ruwa. Suka bi ta kai suka wuce. Kwana biyu ke nan, har sun fara sakin fikafikai, suna gyangyaɗi a tsaye.

Tabawa ta bar aikin gida, ta zauna tana dubansu, ko za su nuna mata abin da suke so. Can sai ta ga ƙaramar cikinsu ta je gindin danga, inda gara ta yi gini a jikin itace. Ta sa baki ta fasa ginin, ta cafke gara ɗaya, ta haɗiye. Ta sake cafke wata. Sai sauran suka ruga suka taru a wurin, suna ture juna.

Tabawa ta miƙe, ta ɗauki fartanya da ƙwarya, ta nufi wani suri da ke bayan gari. Ta sara, ta ɓaɓɓako gutsattsarin ƙasa cike da gara. Manyan garar masu jan kai suka cije ta a yatsu har jini ya fito, ba ta saki ba. Ta kawo gida ta farfasa a gabansu. Kafin ka ce haka sun cinye, sun ɗaga kai suna neman ƙari.

Kullum sai ta je surin nan, safe da yamma. Da ta ga tafiyar za ta kashe ta, sai ta yi dabara. Ta samo tsohuwar tukunya, ta cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara, ta yayyafa ruwa, ta kifa a kan hanyar gara kusa da surin. Kwana ɗaya, gara ta cika tukunya. Ta yi tukwane uku, tana ɗauke ɗaya tana kifa wata. Sannu a hankali ta riƙa haɗa garar da tsaki, har bakinsu ya saba da hatsi. Ruwa kuwa, da ɗaya ya faɗa kasko ta tsamo shi da ƙyar, sai ta zuba tsakuwa a ciki, suna sha ta tsakanin duwatsu.

Jatau yana gani. Ya ce mace ta bar surfe ta koma kiwon gara. Tabawa ta yi murmushi, ta ci gaba da abin da take yi.

Abu na biyu, raɓa. Wata safiya Tabawa ta tafi rijiya da wuri, ta bar akurki a buɗe. Fingi ta ga gari ya waye, sai ta ja 'ya'yanta ta ɓular danga, suka shiga ciyawar bayan gida, yadda ta saba yi da 'ya'yanta na da. Ciyawa kuwa sharkaf take da raɓa. Tabawa ta dawo ta tarar ba kowa. Ta sauke tulu, ta bi ta bayan danga. Sai ta iske Fingi tana kai da komowa, tana kira, 'ya'yan kuwa a zube cikin ciyawa, jiƙe, ƙafafu a sandare.

Tabawa ta tsince su ɗaya ɗaya, ta zuba a haɓar zanenta, ta ruga ɗaki. Ta goge su da tsumma. Ta cusa waɗansu a ƙirjinta, cikin riga, jikinsu na taɓa nata. Sauran ta sa a ƙwarya kusa da murhu, inda toka ke da ɗumi. Ta zauna a nan ba ta motsa ba, tana hura musu numfashi, har rana ta take. Sai ta ji motsi a ƙirjinta. Ɗaya ya yi ɗan kuka, wani ya amsa. Tara suka farfaɗo. Biyu ba su tashi ba.

Fingi ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shigowa. Ta ce 'ya'yan da ta rena a duniya sun fi ɗari, ba ta taɓa ganin wanda raɓa ta kashe ba.

Tabawa ta ce, "Ba laifinki ba ne, ni na bar ƙofa a buɗe. Ni da ke duka kiwon kaji muka iya. Waɗannan kuwa ba kaji ba ne, sai mun koya daga farko."

Daga ranar nan ba a buɗe akurki sai rana ta ɗaga, Tabawa ta shafa ciyawa da tafin hannu ta ji ta bushe. In hadari ya haɗo, ko tana tsakiyar daka, sai ta yar da taɓarya ta tattaro su. In an kwana ana ruwa, sai ta sa garwashi a kasko ta rufe da wani kaskon, ta ajiye a gefen akurki don ɗumi.

Jatau ya ce ai ya faɗa, biyu sun tafi, sauran ma hanya suke jira.

Abu na uku, shaho. Ran nan da azahar ƙotar fartanyar Jatau ta karye, ya dawo gida yana gyara a inuwar rumbu. Tabawa tana ɗaki tana tankaɗe. Fingi da 'ya'yanta suna tsakar gida suna tono. Sai inuwa ta gifta a ƙasa. Fingi ta ɗaga kai, ta yi kukan da kaza ke yi in ta ga shaho. Ɗan tsako in ya ji kukan nan, ƙarƙashin uwarsa yake shigewa. 'Ya'yan zabi kuwa ba su san shi ba. Sai suka watse, kowa ya kama gabansa. Ƙaramar nan ta tsaya a fili ita kaɗai, ta rasa inda za ta bi.

Shaho ya naɗe fikafikai ya sauko. Fingi ba ta nemi maɓoya ba. Ta ruga ta faɗa kan ƙaramar, ta rufe ta. Faratan shaho suka sauka a bayanta. Ya ja, ta ƙi ɗaguwa. Ya sare ta a fuska, ta juyo ta kama shi a wuya da baki, ta riƙe. Ƙura ta tashi, gashi na tashi. Jatau ya miƙe da guntuwar ƙota a hannu, ya yi kansu yana ihu. Tabawa ta fito da rariya. Shaho ya fizge ya tashi, ba komai a ƙafarsa sai gashin Fingi.

Fingi na kwance, jini ya rufe mata ido ɗaya, ƙafarta ta hagu ta goce. Sai ƙaramar ta leƙo daga ƙarƙashin fiffikenta, ko ƙwarzane babu. Tabawa ta ɗauki Fingi ta ɗora a cinya, ta wanke mata fuska da ruwan ɗumi, ta shafa man kaɗe. Fingi ta buɗe idon da ya rage, abin da ta fara tambaya shi ne su nawa ne. Tabawa ta duba, ta ce tara ne, suna nan cif.

Jatau yana tsaye a kansu. Can ya ce, "Ba ita ta haife su ba fa."

Tabawa ta ce, "Ita ba ta san da wannan ba, Malam."

Ran nan Jatau bai koma gona ba. Ya ɗauki gatari ya shiga daji, ya saro rassan magarya masu ƙaya. Ya kafa 'yan sanduna a tsakar gida, ya ɗora ƙayar a kai, ya yi wata 'yar rumfa gajera wadda shaho ba zai iya shiga ba. Ya toshe ɓular danga. Da zai ci tuwo da yamma, Tabawa ta ga ya gutsuri loma, ya marmasa, ya kai bakin akurki, yana waige kada a gan shi. Ta yi kamar ba ta gani ba.

Fingi ta warke, amma idon ya tafi, kuma ta koma ɗingishi. 'Ya'yan kuwa suka yi ta girma. Zanen kansu ya ɓace, gashi mai ɗigo-ɗigo ya fito. Suka koyi kukan Fingi, in ta yi gargaɗi sai rumfar ƙaya. Suka fi ta tsawo, suka fi ta gudu, amma Inna suke ce mata. Tabawa ta saba musu da wani abu guda. Kullum in rana ta yi ja, sai ta fito da faifan tsaki, ta tsaya bakin akurki tana kira:

"Kur, kur, kur, 'yan Fingi,
rana ta yi ja, ku taho gida,
ga tsaki a faifai, ga ruwa a kasko."

Duk inda suke sai su taho a guje, wuya a miƙe. Mutanen ƙauye suka riƙa leƙowa ta kan danga suna kallo. Masu cewa ba za su rayu ba suka koma tambayar yadda ake kifa tukunyar gara. Tabawa kuwa ba ta ɓoye wa kowa ba.

Kaka ta yi, gero ya nuna, aka fara girbi, yunwa ta wuce. Sai ga garken zabin daji sun sauko gonakin bayan gari suna kalen hatsi, sun fi hamsin. Da safe sai a ji kukansu, ƙurƙyat, ƙurƙyat. Zabin Tabawa in sun ji, sai su bar ci, su hau kan danga su jeru, su zuba wa daji ido.

Jatau ya ce a fige musu fikafikai tun kafin su tafi. Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba, yanzu shi ma ba ya son rabuwa da su. Tabawa ta kwana biyu tana juya maganar. Ta tuna cizon gara, ta tuna safiyar raɓa. Ranta bai so su tafi ba ko kaɗan. Sai ta tambayi Fingi. Fingi ta ce ita ba ta taɓa tashi sama ba, ba ta san daɗinsa ba, amma ta ga yadda suke kallon dajin nan, kuma ba ta so a ce da ƙarfi aka zaunar da su.

Tabawa ta je ta sami Jatau, ta ce, "Malam, ban rene su don in nakasa su ba. A bar musu fikafikansu."

Washegari da hantsi, babban cikinsu ya buɗe fikafikai daga kan danga, ya tashi. Sauran suka bi shi. Ƙaramar ce ta ƙarshe. Ta waigo ta dubi Fingi, sannan ita ma ta tashi.

Da rana ta yi ja, Tabawa ta fito da faifai ta yi kira. Ba wanda ya zo. Fingi ta shiga akurki ita kaɗai, ba ta taɓa tsakin ba.

Rana ta biyu Tabawa ta fita har bayan danga ta yi kira. Ba wanda ya zo. Jatau ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar matarsa, ya rufe.

Rana ta uku da la'asar Tabawa ta zo ɗaukar faifai, sai ta ga babu Fingi. Ta duba inuwar rumbu, ta duba rumfar ƙaya, babu. Sai ta ga sawunta a ƙofar gida, ƙafa ɗaya ta taka sosai, ɗaya tana ja. Sawun ya nufi daji. Tabawa ta ɗaura ɗamara ta bi. Ta wuce surin gara, ta wuce gonakin da aka girbe, har ta doshi fadama. Tana tafe tana cewa a ranta, tsohuwa mai ido ɗaya, ina za ki?

Sai ta ji daji ya ɗauki kuka. Garken zabin daji suka tashi gaba ɗaya, suka wuce ta kanta, suka nufi manyan itatuwa. Amma kukan bai yanke ba. Ta ƙara sauri, ta ratsa wata duhuwa, sai ta ga abin da ke faruwa.

Fingi ce a tsakiyar fili, ta gaji ta zauna. Ga dila yana kewaya ta, kai a ƙasa. Tsakaninsa da ita kuwa zabi tara ne, sun yi mata zobe, wuyansu a miƙe, suna kuka kamar za su tsaga daji. Dila ya matso ta dama, suka taru ta dama. Ya koma ta hagu, ta wajen makahon idonta, suka riga shi can. Ya yi kukan kura zai kutsa, sai ƙaramar nan ta tashi sama ta sauko masa a ka, ta sare shi a hanci. Babban ya bi da faratai. Fikafikansu lafiya lau, itatuwa ga su nan kusa, da sun so da sun tashi kamar sauran. Ba ɗaya da ya tashi.

Tabawa ta tsinci dutse ta jefa, ta sake tsintar wani, tana ihu tana matsowa. Dila ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu ya shige ciyawa.

Tabawa ta durƙusa gaban Fingi, ta ce me ya fito da ita? Fingi ta ce ba ta zo mayar da su ba ne. So take kawai ta gani da idonta ko suna samun abin ci, ko suna da wurin kwana mai tsaro. Ƙaramar ta ce daji akwai abinci, akwai fili, kuma danginsu ba su kore su ba. Amma da dila ya ɓullo, kowa ta kansa ya yi. Ta ce, "Mu ba haka aka koya mana ba, Inna."

Tabawa ta miƙa hannu za ta ɗauki Fingi. Fingi ta ce a bar ta, da ƙafarta ta zo, da ƙafarta za ta koma. Sai ta miƙe, ta kama hanya tana ɗingishi. Zabi tara suka bi bayanta a ƙasa. In ta tsaya hutawa su tsaya, in ta taka su taka. Tafiyar da za su yi cikin ƙiftawar ido in sun tashi, sai da suka yi ta har rana ta kusa faɗuwa. Tabawa na biye da su daga baya, ba ta ce musu ku yi sauri ba.

Jatau yana ƙofar gida, ya sa hannu a goshi yana hange. Da ya hango su, sai ya janye ƙyauren kara ya buɗe ƙofa gaba ɗaya, ya koma gefe ya tsaya, kamar yadda ake yi wa manyan baƙi. Fingi ta shige, zabi suka shige, Tabawa ta shige. Shi da kansa ya ɗauko faifan tsaki ya watsa musu.

Tun daga ranar, da safe sukan tashi su tafi daji kiwo, ba mai hana su. In rana ta yi ja kuwa, sai ga su a tsakar gida, wani lokaci tun kafin a kira. Da damina ta zagayo suka yi ƙwai, Tabawa ta raba wa matan ƙauyen, kowace ta sa wa kazarta. Fingi ta ƙara shekara biyu a gidan nan, tana kwance a inuwar rumbu, jikokinta masu zanen kai suna hawa bayanta suna sauka. Can wata rana da hantsi tsufa ya ɗauke ta, zabi tara suna tsaye kewaye da ita.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. Ku dai riƙe wannan, jikokina: in Allah ya ba ku renon abin da ba naku ba, ku zauna ku koyi halinsa, kada ku ce lallai sai ya bi naku. Ku ciyar da shi, ku tsare shi, in ya girma kuma ku bar masa fikafikansa. To, kowa ya ɗauki tabarmarsa.